Manyan wuƙaƙe masu ninkewa: Abin da ke sa su daɗe da abin da ke karya su

Idan Babbar Sallah ta gabato, kasuwar wuƙa kan cika kamar yadda ta raguna ke cika. A Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan Jihar Kebbi, lokacin ne maƙera ke baje hajarsu a cikin kasuwa da bakin hanya: wuƙaƙen yanka da na fiɗa, barho, adda da gatari, yawancinsu baƙaƙe masu ƙotar icce, wasu a cikin kuben fata da dukawa suka ɗinka. Sai dai a 'yan shekarun nan an samu baƙuwa a wannan fage, wato babbar wuƙar nan mai ninkewa da 'yan koli ke yawo da ita a tashoshin mota, ake kuma tallata ta a Facebook da WhatsApp. Tana da ƙyalli da nauyi, tana buɗewa da ƙara mai daɗin ji, idan kuma an ninke ta sai ta shige aljihu ko akwatin gaban mota kamar babu ita.

Masu sayenta ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ma'aikacin gwamnati da ke son ya yanka ragonsa da hannunsa, da ɗan kasuwar da kullum yake kan hanyar Jega ko Kamba, da mai gonar fadama da ke zuwa duba aiki a ƙarshen mako. Mai talla kan ɗaga ta ya ce, "Alhaji, wannan 'yar Jamus ce, har ƙashi tana sara." Abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya zura hannu a aljihu shi ne, wuƙa mai ninkewa tana da gaɓa a tsakiyarta, kuma komai girmanta, ƙarfinta ba ya wuce ƙarfin wannan gaɓa. Wanda bai san haka ba yana iya asarar kuɗinsa, wani lokaci har da yatsunsa.

Bambancin ginin wuƙaƙen biyu

Wuƙar maƙeri ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har zuwa jelar da ke shiga cikin ƙota. Idan aka danna ta a kan nama ko icce, nauyin hannu yana bin tsawon ƙarfen gaba ɗaya, babu wurin da zai tsaya ya taru. Ko da ƙotar ta tsage, maƙeri zai sassaƙa wata ya mayar, wuƙa ta ci gaba da aiki.

Mai ninkewa kuwa gida biyu ce da aka haɗa. Akwai ruwan wuƙar, wato ƙarfen da ke yanka, akwai kuma ƙota mai rami da ruwan ke kwanciya a ciki. Abin da ya haɗa su ƙusa ce guda da ruwan ke juyawa a kanta, sai wata 'yar sakata da ke riƙe shi idan an buɗe, don kada ya rufo. Duk ƙarfin da mutum ya sa a aiki, a kan waɗannan ƙananan abubuwa biyu yake sauka.

A nan ne girman wuƙar ke zame mata matsala. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da doguwar sanda ya san cewa tsawon sanda yana ninka ƙarfin hannu. A ɗauki misalin wuƙa mai ruwa santimita 15, wadda tazarar da ke tsakanin ƙusarta da sakatarta ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba. Idan aka danna tsininta da nauyin kilo 10, abin da zai sauka a kan sakatar ya kai kimanin kilo 100. Ke nan duk lokacin da aka ƙara tsawon ruwa ba tare da an ƙara kaurin ƙusa da ingancin sakata ba, rauni aka ƙara wa wuƙar. Da yawa daga cikin manyan wuƙaƙen da ake sayarwa da araha, ruwansu ne kawai ya girma, kayan cikinsu na ƙaramar wuƙar aljihu ne.

Daga ina ta fito?

Dabarar ninke wuƙa ta daɗe a duniya. An tono irinta a Hallstatt da ke ƙasar Ostiriya, wadda masana suka ƙiyasta an ƙera ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Rumawa sun yi amfani da ita. A Sifaniya aka san babbar wuƙar nan mai ninkewa da ake kira navaja.

Afirka ta san irin wannan wuƙa ta hanyar fataucin zamanin mulkin mallaka. A 1902 aka fara ƙera wuƙar Okapi a birnin Solingen na Jamus, musamman don kasuwannin ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka, kuma a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. A 1929 kamfanin Cognet da ke garin Thiers na Faransa ya fito da Douk-Douk, wadda ta samu karɓuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen rainon Faransa. Har wani samfurinta aka yi mai suna El Baraka, wanda aka zana tambarin Agadas a jikin ƙotarsa domin masu saye Musulmi. Waɗannan wuƙaƙe sun yi suna ne saboda sauƙin gininsu: kayan cikinsu kaɗan ne, don haka abin da zai lalace kaɗan ne.

A Amurka, kamfanin Buck ya fitar da samfurinsa mai lamba 110 a 1964, mai ruwa kimanin santimita 9.5 da sakata a bayan ƙota. Ita ce ta sa mafarauta suka yarda cewa wuƙa mai ninkewa za ta iya fiɗar dabba, kuma har yau ana kwaikwayon siffarta a ko'ina. Daga baya kamfanoni irin su Cold Steel suka shiga ƙera manya ƙwarai, kamar Espada XL mai ruwa santimita 19.

Amma yawancin abin da ke isowa kasuwanninmu ba daga waɗannan kamfanoni yake ba. Manyan cibiyoyin ƙera wuƙa mai araha a yau sun haɗa da Yangjiang a lardin Guangdong na ƙasar Sin da Wazirabad a Pakistan. A can ana yin mai kyau, ana yin ta banza, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya biya. Dokar Jamus ta kare sunan Solingen, ba a yarda a buga shi a kan kayan da ba a can aka ƙera ba, sai dai buga suna a jikin ƙarfe ba shi da wuya ga mai jabu. Saboda haka rubutun da ke jikin wuƙa ba hujja ba ne.

Ƙarfe da horon da aka yi masa

Abu na farko da ke sa wuƙa ta daɗe shi ne irin ƙarfenta. Baƙin ƙarfe zalla yana da laushi, sinadarin kabon da ke cikinsa ne ke ba shi damar yin tauri. Ƙarfen wuƙa mai kyau yakan ƙunshi kabon daga kimanin kashi 0.5 zuwa 1.5 cikin 100. Rodin gini bai kai haka ba, shi ya sa wuƙar da aka buga da rodi ba ta riƙe kaifi. Sifirin ɗin mota kuwa, wanda maƙeranmu suka fi so, yana da kabon kimanin kashi 0.6, kuma an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba. Ba banza ba maƙeri ke bin 'yan gwangwan da makanikai yana neman tsohon sifirin.

Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913, yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Shi ne ke ba wuƙaƙen waje ƙyallinsu. Sai dai shi ma suna ya tara. Wanda ake rubuta wa 3Cr13 yana da kabon kimanin kashi 0.3 kacal, yana da araha kuma yana saurin dakushewa. Mai lamba 440C yana da kabon kusan kashi 1, yana riƙe kaifi sosai. D2 ya fi su jure goga, amma yana iya yin tsatsa idan aka bar shi da danshi, kuma wasa shi sai da haƙuri.

Ko da ƙarfe ya yi kyau, sai an hore shi da wuta kafin ya zama wuƙa. Ana gasa shi har ya yi ja, kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas ga ƙarfe irin na sifirin, daidai lokacin da maganaɗisu ya daina kama shi, sannan a tsoma shi a mai ko ruwa ya huce farat ɗaya. Wannan ne maƙera ke kira ba wuƙa ruwa. A wannan mataki ƙarfen ya yi tauri, amma yana iya fashewa kamar tangaran. Don haka sai a sake ɗumama shi a hankali zuwa kimanin digiri 200, har launinsa ya koma kamar na busasshiyar ciyawa, domin a rage masa gautsi. Idan aka yi ƙwauron wuta a matakin farko, wuƙa za ta yi laushi, bakinta ya riƙa naɗewa. Idan aka tsallake na biyu, za ta ɓalle a karon farko da ta gamu da ƙashi.

Masana'antu suna auna tauri da ma'aunin Rockwell. Wuƙar aiki mai kyau takan faɗa tsakanin 56 da 60 a wannan ma'auni. Ƙasa da haka tana buƙatar washi a kai a kai, sama da haka ƙwarai kuma tana saurin ɓantarewa. Abin lura shi ne ido ba ya ganin horon ƙarfe. Wuƙa biyu za su iya yin kama ɗaya a tire, ɗaya ta yi shekara ashirin, ɗaya ba ta ga Sallah ta biyu ba.

Ƙusa da sakata

Abu na biyu shi ne gaɓar da muka ambata. Sakatun wuƙa iri-iri ne, kuma kowace da iyakarta.

Akwai wuƙaƙen da ba su da sakata ko kaɗan, wani ƙarfe mai tsalle ne kawai ke danne ruwan, kamar Douk-Douk da yawancin ƙananan wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan. Waɗannan na yanka ne kawai, idan aka soka su da ƙarfi suna iya rufowa. Akwai masu zobe a wuya da ake murzawa ya tare ruwan, dabarar da kamfanin Opinel na Faransa ya shigo da ita a 1955. Akwai masu sakatar baya irin ta Buck 110, inda wani dogon ƙarfe mai ƙugiya ke faɗawa cikin tsaga a gindin ruwan. Wannan tana da ƙarfi matuƙar ƙugiyar ta zauna daram kuma datti bai cika tsagar ba. Wani maƙerin Amurka mai suna Andrew Demko ya ƙara mata wata ƙusa da ke karɓar bugu a madadin ƙugiyar, kuma ita Cold Steel ke sa wa manyan wuƙaƙensa.

Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce mai siririn faranti a cikin ƙota, wanda ke zamowa gefe ya tokare gindin ruwan idan an buɗe. Michael Walker ne ya kyautata wannan dabara a farkon shekarun 1980, kuma idan an yi ta da kyau tana aiki. Matsalar ita ce ta fi kowace sauƙin kwaikwaya da araha. Idan farantin ya yi siriri, ko bai shiga sosai ba, ko gefensa ya side saboda yawan buɗewa, bugu kaɗan ko murɗa hannu na iya zamar da shi. Inda ruwan zai rufo kuwa, nan yatsu huɗu suke.

Raunin da irin wannan ke jawowa ya wuce yankan fata. Jijiyoyin da ke motsa yatsu suna kusa da fata, idan suka tsinke sai an yi tiyata, wani lokaci ma yatsan ba ya komawa daidai. Ga tela ko direba ko mai aiki da kwamfuta, wannan asara ce ta abin neman abinci. Duk wanda ya yanke har ya kasa lanƙwasa yatsa ko miƙe shi, ya danne wurin da tsumma mai tsabta ya nufi asibiti a ranar, ko na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko babban asibitin jiha da ke Kalgo ko wanda ya fi kusa, a kuma duba batun allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora.

Abin da ƙasarmu ke yi wa wuƙa

Wuƙar da aka tsara don wata ƙasa tana gamuwa da wasu abokan gaba a nan. Na farko shi ne yashi. Daga hunturu zuwa bazara, ƙura ba ta barin komai a wannan yanki, kuma idan ta shiga tsakanin ƙusa da ruwa ta haɗu da mai, sai ta zama kamar magagari, tana cin ƙarfen a duk buɗewa da rufewa. Wuƙaƙen zamani masu ƙananan ƙwallayen boris a gaɓarsu, waɗanda ke buɗewa da taɓawa ɗaya, su suka fi shan wahala. Mai wanki na tagulla a gefen ƙusa ta fi jure ƙura.

Na biyu danshi ne. Wanda ke aiki a fadamun shinkafa da ke bin Gulbin Kebbi, ko yake sa wuƙa a aljihu yana gumi wuni guda, zai ga tsatsa ta fara daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Sau da yawa ruwan wuƙar na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, amma ƙusa da sakata na ƙarfe mai araha ne, su kuma ke fara ruɓewa.

Na uku shi ne abin da ake yankawa. Ruwan albasa da tumatir da lemun tsami suna baƙanta ƙarfe mai kabon, kuma wannan yanki, daga Gwandu zuwa Aliero, ƙasar albasa ce. Baƙin da ke hawa wuƙar maƙeri ba illa ba ne, yana ma ɗan kare ta daga jar tsatsa. Jini da kitse sun fi muni ga mai ninkewa, domin suna gangarawa cikin ramin ƙota su daskare. Nan ƙwayoyin cuta ke samun mafaka, nan kuma sakata ke cikewa ta daina kamawa. Wuƙar maƙeri ana wanke ta da ruwan zafi da sabulu cikin minti ɗaya, wannan kuwa sai an bi ta da buroshi da tsinke. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a ganin mahauta da masu tsire suna aiki da ita, alhali sun fi kowa sanin wuƙa.

Aikin da ya dace da ita

Duk wannan ba ya nufin wuƙa mai ninkewa ba ta da amfani. Mai kyau tana yanka igiya da buhu da kwali da tiyo, tana feƙe icce, tana ɓare rake, tana fiɗar kaza ko ɗan akuya idan babu wata. Fifikonta shi ne ɗauka: kaifinta a ɓoye yake, ba ta buƙatar kube, ba ta huda jaka. Ga matafiyi da direban babbar mota da mai shago, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Ayyuka huɗu ne ke kashe ta. Sara, kamar na ƙashi ko reshe, domin kowane bugu a kan sakata yake ƙarewa. Ɓamɓara, kamar buɗe murfin fenti ko akwatin katako, domin matsi daga gefe yana buɗa ƙota ya sassauta ƙusa. Dukan bayanta da icce don a tsaga wani iccen. Sai kuma mayar da tsininta abin kwance noti. Kowane ɗayan waɗannan yana da kayan aikinsa.

Game da layya, hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Imam Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Malamai sun kuma karhanta wasa wuƙa a gaban abin da za a yanka. Abin da yanka ke buƙata shi ne dogon ruwa mai kaifi da ba ya girgiza, wanda zai gama aiki a jan farko. Wuƙa mai gaɓa, a hannun da ya jiƙe, a kan sa ko babban rago da ke fizga, kasada ce ga mai yanka kuma wahala ce ga dabba. A wannan fage wuƙar maƙeri ba ta da kishiya.

Kafin a biya kuɗi

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma akwai gwajin da za a iya yi a gaban mai sayarwa ba tare da an ɓata masa kaya ba.

A buɗe wuƙar har sakata ta kama, a riƙe bayan ruwan da yatsu nesa da kaifi, a girgiza shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Motsin gefe yana iya gyaruwa idan ƙusar mai noti ce. Motsin sama da ƙasa alama ce ta sakata marar kyau, a ajiye ta.

A leƙa cikin ƙota a ga yadda sakatar ta zauna. Idan mai faranti ce, ya kamata kaurinsa gaba ɗaya ya shiga ƙarƙashin gindin ruwan. Wanda ya ɗan taɓa gefe kawai zai zame, wanda kuma ya riga ya wuce har ɗaya ɓangaren ba shi da sauran rai.

A riƙe ƙotar ta gefe yadda babu yatsa a hanyar ruwan, a danna bayansa da tafin ɗaya hannun a hankali. Idan ya nuna alamar rufowa, magana ta ƙare.

A rufe ta a duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya, tsininsa kuma ya ɓuya sarai. Tsinin da ya leƙo zai yaga aljihu ko yatsa. A duba ko akwai faranti na ƙarfe a cikin ƙotar, domin roba zalla ba ta riƙe ƙusa a babbar wuƙa. A guji masu ramuka da haƙora da zane-zane barkatai, kyan ɗan maciji ne, kowane rami wuri ne da ƙarfe zai iya karyewa.

Sai batun farashi. Wuƙar kamfanin da ake sayarwa dala ɗari ko fiye a ƙasar da aka ƙera ta ba za ta iso tashar Kalgo a kuɗin kwanon shinkafa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yadda ake kula da ita

Bayan aiki a wanke ta, a busar da ita a buɗe, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gaɓa, a goge abin da ya malalo domin yawan mai yana kiran ƙura. Idan ana yanka abinci da ita, a shafa wa ruwan ɗan man gyaɗa a goge, kada a sa baƙin mai. A riƙa duba notin ƙusa lokaci zuwa lokaci.

Wajen washi, dutse da ruwa sun fi injin gurza. Injin yana zafafa bakin wuƙa cikin daƙiƙoƙi, kuma da zarar bakin ya yi shuɗi, zafin ya kai kimanin digiri 300, horon da aka yi wa ƙarfen ya warware, wurin ba zai sake riƙe kaifi ba. Idan dole sai an kai wa mai inji, a roƙe shi ya riƙa tsoma ta a ruwa a kai a kai. A kwantar da ruwan a kan dutse da kusurwar kimanin digiri 20 a kowane gefe. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, domin dakusasshiya ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta zame.

Doka da zaman lafiya

Wuƙa kayan aiki ce a gona da kicin, amma a taron jama'a doka na kallonta a matsayin makami. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta Najeriya ta hana ɗaukar makami zuwa taro ko jerin gwano, dokar zaɓe ma ta hana shi a gangamin siyasa da kusa da rumfar zaɓe. A halin tsaron da Arewa maso Yamma ke ciki, babbar wuƙa a aljihu a shingen bincike na iya jawo wa mutum tambayoyin da bai shirya musu ba. Wurinta shi ne akwatin kayan aiki.

Masu fita waje su lura cewa ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai mai ninkewa da ruwanta bai wuce inci 3 ba, kuma kotunan ƙasar sun yanke cewa mai sakata ba ta cikin wannan sassauci. A gida kuma, a nesanta ta daga yara, domin buɗewa da rufewarta wasa ne a wurinsu.

Rabon maƙerin gida

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gwandu. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kafin sa, da hannun maƙera aka yi noma aka kuma kare garuruwa, kuma har yau sarautar Sarkin Maƙera tana nan a masarautun ƙasar Hausa. A da daga tama suke narko ƙarfensu. Shigowar ƙarfen Turawa ta kashe wannan fanni, kamfanin Ajaokuta da aka ba da kwangilarsa a 1979 kuma bai cike giɓin ba, don haka maƙerin yau da ragowar motoci yake aiki.

Duk da haka, a aikin ƙarfi, wuƙarsa ta fi yawancin na waje da ke cikin tire. Inda yake da rauni shi ne daidaito: da ido yake auna wuta, don haka ta yau ta yi kyau, ta gobe ta yi laushi. Wannan abu ne da sashen injiniya na makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi zai iya taimakawa a kai, da ɗan horo kan auna zafi da tantance ƙarfe. Mai saye ma yana da abin yi: ya tambayi maƙeri da wane ƙarfe ya buga, ya biya kuɗin sifirin maimakon na rodi, ya kuma koma wa wanda wuƙarsa ta yi kyau. Maƙeri yana da wani abu da ɗan koli ba shi da shi, wato maƙerarsa tana nan inda aka bar ta, idan wuƙa ta ba da matsala akwai wanda za a mayar wa.

Wanda ke da hali ya mallaki biyun: matsakaiciyar mai ninkewa mai sakata ta gari don tafiya da ƙananan ayyuka, da ta maƙeri a cikin kubenta don yanka da fiɗa, da gatari don ƙashi. Wanda kuɗinsa na ɗaya ne kawai, kuma layya ce a gabansa, ya nufi maƙera.